Shiga Kamaru daga Gombe da Bauchi: tambayoyin matafiya da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin mutanenmu masu niyyar shiga Kamaru: mai zuwa ɗaurin aure Garwa, mai bin shanu, Hajiya mai sarin atamfa, ɗalibi, da wanda kawai yake so ya ga ƙasa. An tara su wuri ɗaya don a huta da maimaita amsa. Ba a sa kuɗin mota ko na masauki ba, domin kafin ka gama karantawa sun sauya. Abin da za ka ga yana ta dawowa shi ne, arewacin Kamaru ya yi kama da gida har yakan sa mutum ya saki jiki ya manta ƙasar wasu ya shiga, kuma yawancin wahalar da matafiyanmu ke sha daga nan take tasowa.

Sai na nemi biza kafin in shiga?

A'a, in dai fasfon Nijeriya ne a hannunka kuma ziyara ce ta ɗan lokaci. Akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu tun shekarun 1960 da ta ba ɗan Nijeriya damar shiga ya zauna har kwana 90 ba biza.

Sai dai wannan sauƙi ba na ECOWAS ba ne, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Kamaru ba ta cikin ECOWAS. Ƙungiyarta ita ce CEMAC, tare da Chadi, Gabon, Kongo Brazabil, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini. Duk abin da ka saba da shi a hanyar Kwatano ko Lome, kada ka ɗauka haka zai kasance a hanyar Garwa. Takardun tafiya, inshorar mota, har kuɗin da ake kashewa, kowanne daban yake.

Wace takarda zan riƙe? Katin ɗan ƙasa bai isa ba?

Fasfo, wanda sauran wa'adinsa ya kai wata shida. Takardar NIN da katin zaɓe na gida ne, jandarman Kamaru ba ruwansa da su. Ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS ma an yi ta ne don ƙasashen ƙungiyar, kada ka jingina tafiyarka a kanta. Akwai ofishin fasfo na hukumar shige da fice a Gombe da kuma Bauchi, ana cike takarda a biya kuɗi ta intanet sannan a je ɗaukar hoto da yatsu. Mai shafi 32 na shekara 5 ne, mai shafi 64 na shekara 10. An ƙara kuɗinsa a 2024, aka sake ƙarawa a 2025, don haka duba farashin ranar a shafin hukumar, kada ka bi lissafin maƙwabcinka da ya yi nasa bara waccan.

Fasfon kaɗai bai gama aiki ba sai an buga masa hatimi sau biyu: na fita a ɓangaren Nijeriya, na shiga a ɓangaren Kamaru. Direba zai iya ce maka, "Alhaji, bar shi kawai, za mu zagaye." Shi lokacinsa yake tattali. Kai ne za a sauke a shinge na huɗu a tambaye ka ta ina ka shigo.

To ai mutanen Belel da Mubi kullum suna shiga ba fasfo, Malam. Mu me ya bambanta mu?

Gaskiya ne suna shiga. Mutumin bakin iyaka gonarsa na iya zama a can, surukansa a can, kasuwar da yake ci duk mako a can, jami'an wurin kuma sun san fuskarsa. Wannan sabo ne na zaman tare, iyakarsa garuruwan kusa. Da ka nausa ciki, ka wuce Garwa ka nufi Ngaundare ko Marwa, ba wanda ya san ka, sai takarda ta yi magana. Wanda ya taso daga Kumo ko Alkaleri ba ɗan iyaka ba ne ko da yana jin Fillanci kamar a gidan Lamiɗo aka haife shi.

Katin rigakafin nan da ake cewa yalo kad, dole ne?

Dole ne. Kamaru tana neman shaidar allurar ciwon shawara daga duk mai shigowa, kuma ana tambayarta a cikin ƙasa ma, ba a bakin iyaka kaɗai ba. Tun 2019 Nijeriya ta koma sabon kati mai lambar da ake dubawa a kwamfuta: ka yi rajista ka biya ta intanet, ka je ofishin lafiya na tashoshin shige da fice a yi maka allura a ba ka katin. Allurar sai ta kwana 10 kafin a ɗauki katin a matsayin mai aiki, saboda haka ba ranar jajibirin tafiya ake yin ta ba. Daɗin abin, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta ishi mutum har ƙarshen rayuwa.

Masu sayar da katin ba allura suna nan a tashoshi. Ka biya kuɗi, ba ka da kariya daga cutar, kuma in aka duba lambar ba a gan ta ba ka shiga wata rigimar. Ba riba ko ta ina.

Ta ina ake bi daga Gombe?

Hanyar da aka fi sani ita ce ta Yola. Mutumin Bauchi ya fara zuwa Gombe ta Alkaleri, daga nan Kumo, Billiri, Kaltungo, Cham, a haye gadar Numan a shiga Jimeta. A Jimeta ake neman motocin bakin iyaka, kuma 'yan kamasho a tashar Jambutu za su faɗa maka wace hanya ce ke tafiya a makon, domin amsar rani daban da ta damina. Ɗaya ita ce ta Jabbi Lamba zuwa Belel, a ƙetara a bi ta Gashiga a faɗa Garwa. Ɗaya kuma ta Fufore zuwa Gurin, inda kogin Faro ya raba ka da Beka. Da rani kogin yashi ne da ɗan ruwa, da damina sai kwalekwale. Idan Binuwai ya cika, wajen Agusta zuwa Oktoba, jiragen ruwa na kaya sukan yi zirga-zirga tsakanin Yola da Garwa.

Mai nufin Gider ko Marwa yakan bi ta Mubi ya fita ta Sahuda zuwa Bukula. Ƙofofin Barno, wato Banki da Gamboru, karanta amsar tsaro a ƙasa kafin ka sa su a lissafi. Can kudu akwai gadar Mfum a jihar Kuros Riba da aka buɗe a 2022, amma tana kai ka ne tsakiyar yankin da ake rikici, kuma ga mutumin Gombe zagaye ne mai nisa.

Ko wacce ka zaɓa, ka tsara tafiyar yadda za ka kwana Yola ka isa iyaka da hantsi. Hanyoyin ƙarshe kafin iyaka ba su da kyau, kuma ofishin hatimi ba ya jiran wanda ya iso bayan magariba.

Babu jirgin sama?

Daga Gombe ko Bauchi sai ka fara zuwa Abuja ko Legas, daga can ka nemi na Duwala ko Yawunde. A cikin gida kamfanin Camair-Co yana zuwa Garwa, Marwa da Ngaundare. Ga mai zuwa Garwa wannan tamkar ka bi ta Sakkwato ne don ka je Dukku, amma ga mai harka a Duwala shi ne daidai.

Wane lokaci ya fi daɗin tafiya?

Nuwamba zuwa Fabrairu. Hanya ta bushe, koguna sun ja, hunturu ya sauko. Maris da Afrilu a Garwa ba wasa ba ne: gari ne a kwarin Binuwai, zafi na wuce digiri 40, dare ma ba ya hucewa. Ngaundare kuwa tana kan tudu, sama da mita 1,000, sanyinta irin na Jos ne, ka sa rigar sanyi a jaka. Kudu wata duniya ce. Duwala tana shan ruwa kamar da bakin ƙwarya a Yuli da Agusta, ga gumi dare da rana.

Da damina a sa ido kan sanarwar madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982 a kan Binuwai sama da Garwa. Mutanen Numan da Yola ba su manta ambaliyar 2012 da ta 2022 ba. In an ce za a saki ruwa, ɗaga tafiyar. Ranakun 11 ga Fabrairu da 20 ga Mayu hutun ƙasa ne, ana fareti ana rufe tituna, sallolin nan biyu ma hutu ne a hukumance. Agogonsu da namu ɗaya ne.

Wane kuɗi ake kashewa? Ina da ragowar sefar Nijar, za ta yi?

Ba za ta yi ba. Sefa iri biyu ce. Ta Nijar, Benin da Togo bankin BCEAO da ke Dakar ne ke buga ta. Ta Kamaru da Chadi kuwa ta bankin BEAC ce mai hedikwata a Yawunde. Darajarsu ɗaya, kowacce an ɗaure ta da kuɗin Turai a kan sefa 655.957 yuro ɗaya, amma mai shago a Garwa ba zai karɓi ta Yamai ba, sai ka kai wa ɗan canji ya cire nasa. Takardun su ne 500, 1,000, 2,000, 5,000 da 10,000, kuma a ƙarshen 2022 aka fito da sabon zubi. In ɗan canji ya miƙo maka tsofaffin takardu da suka sha jiki, ka nemi ya sauya maka.

Naira tana tafiya a garuruwan bakin iyaka, daga nan ƙarfinta ya ƙare. Canza abin da zai kai ka Garwa a Jimeta ko Mubi, ragowar ka canza a kasuwa can bayan ka ji farashi a bakin mutum biyu ko uku. Katin bankinka na naira kada ka dogara da shi. Matsalar da ba a faɗa wa baƙo ita ce canji: ka miƙa 10,000 don sayen ruwa, mai kanti zai dube ka kamar ka zage shi. Tara ƙananan takardu da silalla tun ranar farko. Wanda ya ɗauko kuɗin da ya haura kwatankwacin dalar Amurka 10,000, doka ta ce ya bayyana wa kwastam kafin ya fita Nijeriya.

An ce lissafin kuɗinsu a kasuwa daban yake. Yaya abin yake?

Haka ne, kuma ya sha jawo gardama tsakanin baƙo da mai talla. Da Hausa ko Fillanci ba a ƙirga sefa ɗai-ɗai, ana ƙirga dala ne, dala ɗaya kuwa sefa 5. In mai kifi ta ce maka ashirin, sefa 100 take nufi. In ta ce ɗari, ko teemerre da Fillanci, 500 ke nan. Sefa 1,000 ita ce jaka, Fulani su ce booro. Da Faransanci kuwa adadin da ke jikin takardar ake faɗa. Har kunnenka ya saba, ka ce a rubuta maka lambar a waya kafin ka ce ka saya.

Layin wayata zai yi aiki?

Zai kama a wasu wurare amma zai cinye maka kati cikin kwana ɗaya. Sayi layin can, MTN ko Orange, a ofishinsu da fasfonka, kada ka karɓi wanda aka riga aka yi wa rajista da sunan wani a bakin titi. MTN ɗin can kamfani ne dabam da na nan, katinka ba ya ƙetarawa. Lambar ƙasar 237 ce. Da layin ka buɗe asusun kuɗi na waya, domin MoMo da Orange Money sun shiga ko'ina, kuma sun fi ka yi ta yawo da damin kuɗi a aljihu. Soket ɗinsu irin na Faransa ne mai rami biyu zagayayyu, cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga ba sai da adafta.

Ba na jin Faransanci. Zan iya?

A arewa za ka iya sarai. Fillanci ne harshen kasuwa daga Marwa har Ngaundare, kowace ƙabila da shi take ciniki, kuma mutumin Gombe da ya taso da shi ya fi Bafaranshe sakewa a can. Hausa ma tana ci a kasuwanni, wajen mahauta, 'yan tireda da direbobi. A Kuseri Larabcin Shuwa ya fi yawa. A Yawunde da Duwala kuwa sai Faransanci, ko da yake Turancin buroka yana fitar da mutum a Duwala.

Wurin da rashin Faransanci ke ciwo shi ne gaban hukuma. A takarda harsunan gwamnati biyu ne, Faransanci da Ingilishi, amma jami'in da zai tare ka a arewa da Faransanci zai fara. Ka riƙe gaisuwa, lambobi, da yadda za ka faɗi inda ka fito da inda za ka. Sauran duba amsar shingaye.

Me ya sa garuruwansu suka yi kama da namu haka?

Domin asali gida ɗaya ne. Zamanin da Buba Yero ya karɓo tutar Gombe, Yakubu ya karɓo ta Bauchi, Modibbo Adama ne ya karɓo ta Fombina, wato ƙasar Adamawa, ya fara zama a Gurin kafin ya kafa Yola a 1841. Garwa, Marwa, Ngaundare, Tibati da Banyo duk lamiɓe ne da ke kallon Yola. Turawa ne suka tsaga ƙasar: a 1901 Ingilishi suka ci Yola, Jamusawa suka kama Garwa. Bayan yaƙin duniya na ɗaya aka raba rabon Jamus tsakanin Faransa da Ingila. Ɓangaren Faransa ya sami 'yanci ranar 1 ga Janairun 1960 ƙarƙashin Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 su Mubi, Ganye da Gembu suka zaɓi Nijeriya, aka kira su lardin Sardauna, kudancin kuma ya bi Kamaru.

To, babbar riga ɗaya, gaisuwa ɗaya, karatun allo ɗaya. Amma shekara ɗari da wani abu na mulki iri dabam ya bar tasiri. Tsarin Faransa ne na gwamna, firefe da sufirefe, wato shugabannin gundumomi da ƙananan gundumomi, waɗanda shugaban ƙasa ke naɗawa, kuma tsari ne mai son takarda da hatimi fiye da yadda muka saba.

Shingayen hanya fa? An ce jandarmomi ba su da sauƙi.

Suna da yawa, kuma ba iri ɗaya ba ne: jandarma, ɗan sanda, duwan wato kwastam ɗinsu, wani wurin da sojan BIR, rundunarsu ta kai ɗaukin gaggawa. A Kamaru ɗan ƙasa ma ba ya fita ba katin shaida, saboda haka tambayar takarda ba wulaƙanci ba ne da aka ware maka. Mota za ta tsaya, kowa ya miƙa nasa, baƙo a kira shi gefe. Gaishe shi tukuna, don a can miƙa takarda ba gaisuwa rashin ladabi ne. Miƙa fasfo da katin rigakafi tare, ka faɗi sunan unguwa da mutumin da za ka sauka wurinsa. Kada ka ɗaga murya. Salon nan namu na "ka san ko ni wane ne" ba ya aiki a nan ko kaɗan.

Akwai inda za a nemi na goro ko da takardunka sun cika, ba sai an ɓoye ba. Mai cikakkiyar takarda yana da bakin yin haƙuri ya jira a sallame shi, marar hatimi kuwa an riga an kama wuyansa. In za ka daɗe a gari ɗaya, kai kwafin fasfonka da shafin hatimin shiga komisariya, wato ofishin 'yan sanda, a buga maka tambarin tabbatarwa, ka riƙa yawo da shi cikin gari. Kada ka ɗauki hoton shinge, barikin soja, gada, filin jirgi ko gidan gwamnati. Wando ko hula mai zanen kakin soja, a bar shi a Gombe.

Ina ne bai kamata in je ba?

Jihohi biyu masu Turanci, Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma, wato su Bamenda, Kumba da Mamfe, suna cikin rikicin 'yan aware tun ƙarshen 2016. Ana garkuwa da mutane, ana tilasta zaman gida duk Litinin. Ba wurin baƙo ba ne. A jihar Arewa Mai Nisa, inda Marwa take, yankunan da ke manne da Barno, su Kolofata, Amchide, Fotokol da duwatsun Mayo Moskota, har yanzu Boko Haram na kai hari. Cikin garin Marwa mutane na harkokinsu, amma hanyar Mora zuwa Kuseri sai da tambaya.

Dazukan wajen Tuboro da iyakar Chadi da Afirka ta Tsakiya sun yi suna da masu tare hanya da masu satar mutane, kuma makiyaya da dillalan shanu suka fi nema. Mai zuwa sayen dabbobi ya karanta wannan sau biyu. Tafiyar dare a bar ta. Siyasa kuma a bar wa masu ita: Paul Biya yana mulki tun 1982, zaɓen Oktoban 2025 ya tayar da ƙura sosai a Garwa, kuma baƙon da ya tsoma baki a majalisar mai shayi ba shi da wanda zai tsaya masa.

Ni mace ce, ina sa niƙabi. Akwai matsala?

Hajiya, hijabi da mayafi ba mai ce miki komai, shigar matan arewa ce. Rufe fuska ne ke da magana. A Yulin 2015, bayan hare-haren ƙunar baƙin wake, hukuma ta hana niƙabi a jihar Arewa Mai Nisa, wasu yankunan ma suka bi. Tsananin ya danganta da wuri da lokaci, amma ki sa a ranki za a ce ki buɗe fuska a shinge don a gwada da hoton fasfo. Tambayi matan gidan da za ki sauka yadda ake ciki kafin ki taso. In da yara za ki, kowane da takardarsa da katin rigakafinsa, kuma wasiƙar amincewar mahaifinsu tana rage tambayoyi.

Daga Garwa yaya zan kai Yawunde ko Duwala?

A nan sai an yaba musu. Motocin dogon zango na kamfanoni ne da suke kira ajans, irin su Touristique Express da Danay Express, kowanne da tasharsa, ka sayi tikiti da sunanka, a rubuta kayanka. Garwa zuwa Ngaundare kusan kilomita 280 ne, da hawan dutse mai lanƙwasa kafin a isa, inda manyan motoci ke rarrafe. Garwa zuwa Marwa ya ɗan haura 200.

A Ngaundare layin dogo ya tsaya tun 1974, kuma jirgin Camrail na dare shi ne daɗin tafiyar. Yana tashi bayan magariba, ya bi ta Ngaundal da Belabo, ya isa Yawunde da safe, tafiyar sama da kilomita 600. Akwai ɗaki mai gado biyu, mai gado huɗu, sai kujerun aji na ɗaya da na biyu. In aljihu ya yarda ka kama gado, kuma ka sayi tikiti da wuri, da fasfo a hannu. Yakan makara, kada ka ɗaura wani alƙawari da safiyar isarka. A tashoshin hanya mata na miƙo zuma, ayaba da rogo ta taga cikin dare. Mu da jirgin Gombe ya zama labarin da kakanni ke bayarwa, abin yakan taɓa zuciya.

Ana iya bi ta mota ta Meiganga da Bertuwa. A kula, a wannan hanyar akwai wani gari Garwa Bulai a iyakar Afirka ta Tsakiya, ba shi ne Garwar Binuwai ba, kada a yanka maka tikitin da ba naka ba. Daga Yawunde zuwa Duwala kusan kilomita 240 ne. A cikin Yawunde tasi rawaya ce ta haɗaka: ka faɗi unguwa da abin da za ka biya ta taga, in direba ya danna oda ya yarda.

Abinci da salla fa, musamman a kudu?

A arewa ba abin tambaya. Tuwo ne da miyar kuka, kuɓewa ko yakuwa, ga kindirmo, ga kilishi, ga giwan ruwan Binuwai gasasshe a Garwa wanda shi kaɗai ya isa dalilin tafiya. Abin da zai zame maka sabo shi ne dogon burodin Faransa da safe, da ƙwai soyayye da taliya a ciki wurin mai shayi.

A kudu ake buɗe ido. Naman alade da naman daji suna cikin abinci da yawa, mashaya kuma a kowace kwana. Nufi unguwannin Hausawa: Birketiri a Yawunde, wadda duk garin ke zuwa cin tsirenta, da Niyu Bel a Duwala. Nan za ka sami yankan Musulmi, masallatai da mai masauki. Babban masallacin Tsinga ma yana Yawunde. Gasasshen kifi da bobolo, wato ƙullin rogo a ganye, ba shi da shubuha. Ndole, miyar shuwaka da gyaɗa, a ci ta inda aka san naman. Ruwa kuwa na gora, Tangui ko Supermont, musamman da damina da kwalara ke yawan ɓulla a arewa.

Zan iya shiga da motata?

Za ka iya, amma takardu sun ninka. Kana buƙatar takardun mallaka da sunanka ko wasiƙar izinin mai motar, lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da takardar shigar da mota na ɗan lokaci daga duwan. Inshorar ECOWAS mai launin ƙasa ba ta aiki, tasu ta CEMAC ce da ake kira kart roz, a can ake saye. Hannun tuƙi irin namu ne, kuɗin toget sefa 500. Lambar Nijeriya tana jan idon kowane shinge, saboda haka in tafiyar farko ce, ajiye motar a Yola.

Ina so in ɗan taɓa kasuwanci. Me ake kaiwa, me ake kawowa?

Daga nan ana kai kayan masarufi, robobi, kayan gyaran babur, takalma da yadi. Fetur ɗin jarka da suke kira zuwazuwa ya riƙe arewacin Kamaru shekaru, cire tallafi a 2023 ya rage masa riba, kuma dama fasa-ƙwauri ne. Daga can shanu ne kan gaba, gudalin Ngaundare da kasuwanni irin su Adumri da Ngaundal, sai atamfar CICAM, wadda ake yi da audugar da kamfanin Sodecoton na Garwa ke saye a hannun manoma. Kasuwar Pituwa ta ranar Lahadi, kusa da Garwa, wuri ne mai kyau na fara ganin farashi.

Sassaucin biza na mutum ne, bai shafi kaya ba. Duwan za su karɓi nasu, kwastam ɗinmu ma haka, kuma shinkafar waje ta kan iyakar ƙasa kwastam na kama ta. Waɗanda rufe iyaka na Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya rutsa da kayansu sun san ba a zuba jari duka a tafiya ɗaya. Magunguna kuwa, banda naka na sha da takardar likita, kada ka ɗauka, kuma kada ka karɓi ƙullin saƙon da ba ka buɗe ba ko na wane ne. Tiramadol ya kai mutane da yawa gidan yari a can.

In na sami kwana biyu na hutu, me ya cancanci gani?

A Ngaundare je fadar Lamiɗo ranar Juma'a ka ga fitowarsa masallaci da algaita da dogarai, sannan ka leƙa tafkin Tizon da gangaren ruwan Vina. Tsakanin Garwa da Ngaundare akwai gandun dajin Binuwai, gabas da shi kuma Buba Njidda, wanda mafarauta suka yi wa giwayensa kisan gilla a 2012. Wanda ya san Yankari zai ga dorinar ruwa a nan fiye da yadda ya saba, amma da rani ake shiga, kuma a tambayi halin tsaro. Marwa garin dukawa ne, jaka da takalmin fata. Duwatsun Rumsiki, da ke kallon Michika, suna da ban mamaki, sai dai suna yankin da aka yi gargaɗi a sama.

Masu ƙwallo za su so ganin filin Rumde Ajiya a Garwa, inda Super Eagles suka ci Masar, Sudan da Gini Bisau a Janairun 2022, garin duka yana bayansu, kafin Tunisiya ta kore su a filin. In ka kai kudu, Fumban ta cancanci kwana guda: masarautar Bamun ce ta Musulmi, da fadar da Sarki Njoya ya gina a 1917, sarkin da ya ƙirƙiro wa mutanensa rubutunsu na kansu.

Idan fasfona ya ɓace, ko na wuce kwana 90?

In ya ɓace, fara da komisariya mafi kusa a ba ka takardar shaidar ɓata, sannan ka nemi ofishin jakadancin Nijeriya a Yawunde ko ƙananan ofisoshinsa a Duwala da Buya don takardar komawa gida. Dukkansu a kudu suke, tafiya ce mai nisa ga wanda ke Garwa, shi ya sa ake cewa ka ajiye hoton fasfon da na hatimin a waya, ka bar kwafi a gida. Sarkin Hausawa ko shugaban 'yan Nijeriya na garin yakan san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Wanda zai wuce kwana 90, ɗalibi ne a jami'ar Ngaundare ko mai shago ko amaryar da aka kai, sai ya nemi katin zama da suke kira kart de sejur a ofishin shige da fice na 'yan sanda. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma ana fara nema tun kwanakin ba su ƙare ba. Ofisoshin gwamnati suna buɗewa 7:30 na safe su tashi 3:30 na yamma, Litinin zuwa Juma'a.